Jinyar Dattijo Mai Ciwon Sukari a Gida: Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyali

Tambaya: Mahaifinmu yana da shekara 68. An sallamo shi daga asibiti bayan ya kwanta saboda ciwon sukari, an ɗora shi a kan allurar insulin safe da yamma, da ƙwayar metfomin, da maganin hawan jini. Gidanmu babba ne, kowa da shawarar da yake kawowa: wani ya ce a hana shi tuwo, wani ya ce sai alkama kaɗai, wani kuma ya zo da jiƙo. Ni ce babbar 'yarsa, kuma ni na fi kusa da gida. Yaya za mu kula da shi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce, ke kuma ya ba ki ladan ɗawainiya. Na daɗe ina aikin jinya tare da masu wannan lalura, kuma abin da na fi gani shi ne iyali su tattara hankalinsu kaf a kan kwanon majinyaci, su yi ta gardama a kan tuwo da alkama, alhali abubuwan da suke mayar da dattijo kamar Baba asibiti da tsakar dare daban ne. Su ne faɗuwar sukari ƙasa da kima, da ɗan rauni a ƙafa wanda ba wanda ya lura da shi, da kuma wata rashin lafiya ta yau da kullum, irin zazzaɓi ko gudawa, wadda za ta zo ta rikita lissafin magani. Sukarin da ya ɗan hau yana yin ɓarnarsa ne a hankali, cikin watanni da shekaru, amma wanda ya faɗi a jikin mutumin da ake yi wa allurar insulin yana iya sumar da shi kafin a gama neman mota. Don haka a kan waɗannan zan fi daɗewa.

Kafin komai, ku zauna ku tsayar da mutum ɗaya wanda ragamar jinyar take hannunsa, tare da mataimaki ɗaya wanda yake kwana a gidan, musamman idan ke a gidan mijinki kike kwana. A babban gida yakan faru a yi wa majinyaci allura sau biyu, saboda uwargida ta yi, ɗa ya shigo bai sani ba ya sake yi, kamar yadda yakan faru ya kwana babu allura saboda kowa yana zaton wani ya yi. Abin da yake hana wannan shi ne littafin rubutu irin na 'yan makaranta, a ajiye shi wuri ɗaya da magani. Duk wanda ya yi gwaji ko allura ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da sakamakon gwajin, da yawan yunit ɗin insulin da aka yi, da ko Baba ya ci abinci ko bai ci ba. A shafin farko a rubuta sunayen magungunansa da lambar wayar da za a kira idan wani abu ya taso. Likitan da zai gan shi na 'yan mintuna ranar asibiti ba shi da abin dogaro wajen ƙara magani ko rage shi da ya wuce wannan littafi, don haka kada a gyara lamba domin a faranta wa likita rai.

Na'urorin gwajin sukari da ake sayarwa a kasuwanninmu ba ma'auni ɗaya suke bi ba. Wasu suna nuna mg/dL, wasu mmol/L, kuma tsakaninsu ninki 18 ne, wato 7 mmol/L ita ce 126 mg/dL. Ki duba abin da aka rubuta a gefen lambar, ki tabbatar duk mai gwaji a gidan ya san wace iri ce taku. Ga yawancin manya, ana son sukari ya kasance tsakanin 80 da 130 mg/dL kafin cin abinci, wato kimanin 4.4 zuwa 7.2 mmol/L, kuma kada ya wuce 180, wato 10, bayan sa'a biyu da ci. Ga dattijai likita yakan sassauta wannan iyaka da gangan, domin ya fi tsoron faɗuwa a kan ɗan hawa, saboda haka ku tambaye shi iyakar da ya sa wa Baba ku rubuta. A wanke hannu da sabulu a busar kafin a soka, domin ɗanƙon dabino ko mangwaro a yatsa yana ba da lambar ƙarya, kuma a soki gefen yatsa maimakon tsakiyarsa. Tsinken gwaji yana da tsada, na sani. Idan ba za a iya gwadawa sau da yawa a rana ba, a riƙa sauya lokacin, yau da asuba, gobe kafin abincin dare, jibi bayan abincin rana, sa'an nan a ware 'yan tsinkaye da ba a taɓa su sai ranar da jikinsa ya rikice.

Faɗuwar sukari ita ce ta sauka ƙasa da 70 mg/dL, wato 3.9 mmol/L. Alamominta na farko su ne gumi mai sanyi, da rawar jiki, da bugun zuciya, da yunwa mai zuwa farat ɗaya, da jiri. Amma a jikin dattijo waɗannan alamomi sukan dushe, sai dai kawai a ga ya rikice, ko ya hau faɗa babu dalili, ko harshensa ya karye, ko ya zauna shiru yana kallon mutane bai gane su ba. A irin wannan hali ne ake cewa iska ce ta taɓa shi, ko shanyewar ɓarin jiki ce, a tsaya tofi da shafa har lokaci ya ƙure. Ba na hana addu'a, amma a yi ta ana gwadawa ana ba shi sukari. Ƙa'idar ita ce, duk lokacin da mai allurar insulin ya sauya hali ba zato, a ɗauka sukarinsa ne ya faɗi har sai na'ura ta nuna akasin haka, kuma idan babu na'ura a kusa a ba shi sukarin kawai, domin ɗan sukarin da aka ba wanda nasa ya hau ba zai yi masa lahani nan take ba, amma hana wanda nasa ya faɗi yana iya kashe shi.

Idan yana cikin hayyacinsa kuma yana iya haɗiya, a ba shi kimanin giram 15 na sukari mai saurin shiga jini. Wannan shi ne sukari mai ƙwaya uku ko huɗu, ko babban cokali ɗaya na garin sukari a cikin ruwa, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko kusan rabin ƙaramar kwalbar lemo, amma ba irin wanda aka rubuta babu sukari a cikinsa ba. A jira minti 15 a sake gwadawa. Idan har yanzu ƙasa take da 70 a maimaita, idan kuma ta hau a bi da abinci mai riƙe ciki, kamar burodi ko ɗanwake ko abincinsa na wannan lokaci, don kada ta sake sauka. Idan ya suma ko ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, domin zai shiga huhu ne. A kwantar da shi a gefensa, a nufi asibiti mafi kusa, kuma tun daga bakin ƙofa a faɗa wa ma'aikata cewa mai ciwon sukari ne da ake yi wa insulin, domin su sa masa ruwan sukari ta jijiya ba tare da ɓata lokaci ba.

Dalilin faɗuwar kusan kullum ɗaya ne daga cikin 'yan abubuwa: an yi allura abinci ya yi jinkiri, ko ya ɗan taɓa ya ture kwanon, ko ya yi tafiya ko aikin gona fiye da yadda ya saba, ko an yi kuskure wajen ɗiban allura, ko ƙoda ta fara rauni maganin yana daɗewa a jiki. Wani lokaci cikin barci take faruwa, sai a tarar da shimfiɗarsa jiƙe da gumi, ya tashi da ciwon kai. Kowace faɗuwa a rubuta ta a kai wa likita, domin alama ce ta cewa maganin yana buƙatar gyara. Ku sa masa 'yan ƙwayoyin sukari a aljihu duk inda zai je, tare da takarda mai sunan ciwonsa da lambar wayarki, ku kuma sanar da abokan zamansa na majalisa da na masallaci, ko da Baba ba ya son a sani, sai a lallashe shi. Akwai ƙwayar ciwon sukari da ake kira Daonil wadda har yanzu ake ba mutane da yawa saboda arha. Idan wata rana aka sa masa ita, ku sani cewa faɗuwar da take jawowa tana iya komowa bayan an farfaɗo har tsawon yini ko fiye, don haka wanda ya faɗi a kanta asibiti ake kai shi ko da ya miƙe.

Game da allurar kanta, kada ku bar asibiti da bayanin baki kawai. Ku sa ma'aikaciyar jinya ta tsaya a kanku, ke da mataimakinki, kowa ya ɗiba ya yi a gabanta. Ku duba kwalbar insulin da sirinjin su kasance lamba ɗaya, domin akwai U-100 akwai U-40, kuma wanda ya ɗibi insulin U-100 da sirinjin U-40 ya yi wa majinyaci ninki biyu da rabi na abin da aka rubuta. Insulin mai kama da madara, irin Mixtard, ana mirgina kwalbarsa a hankali tsakanin tafukan hannu har ya haɗu, ba a girgiza shi, kuma ana yin sa ne kimanin rabin sa'a kafin abinci, wanda ke nufin sai tukunya ta kusa sauka ake yin allura. Ana yi a fatar ciki, nesa da cibiya da kamar yatsu biyu zuwa uku, ko a cinya, ana matsawa daga wurin jiya. Majinyata suna son wurin da ya yi tauri saboda ba ya zafi, amma wannan ƙullutun ba ya barin magani ya shiga jini daidai, sai a ga sukari yana hawa da sauka babu dalili. Alluran da aka gama da su a tara su cikin gorar roba mai murfi inda yara ba sa kaiwa.

Kwalbar da ba a buɗe ba wurinta firji ne, tsakanin digiri 2 zuwa 8, nesa da wurin ƙanƙara, domin insulin da ya daskare ya lalace ko da ya narke. Wadda aka buɗe tana yin kimanin mako huɗu, don haka a rubuta ranar buɗewa a jikinta. Rashin wutar lantarki bai kamata ya firgita ku ba. A shekarar 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Jeneba ta ƙasar Suwizalan suka wallafa wani bincike da suka gina a kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a arewacin Kenya, inda zafin ɗaki yake kaiwa da komowa tsakanin digiri 25 da 37, suka tarar insulin bai rasa ƙarfinsa ba a cikin mako huɗun da ake amfani da shi. Sai dai zafin bazararmu yakan haura 40, kuma a nan ne tukunyar ƙasa take da amfani. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa domin adana kayan miya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, ita ce dai za ku yi. A sa kwalbar cikin 'yar roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, a ajiye cikin ƙaramar tukunyar, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a sa a inuwa inda iska ke kaɗawa. Kada a bar insulin a mota, ko a taga, ko kusa da murhu.

Yanzu sai ƙafa, wadda a ganina ita ce aikin da iyali suka fi kowa iya yi, kuma ita aka fi yi wa sakaci. Ana cewa jiki magayi, to amma sukarin da ya daɗe yana hawa yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon ciwo daga ƙafa, sai mutum ya taka ƙusa ko ƙaya ya wuni da ita bai sani ba, kuma ga jini ba ya gudu sosai zuwa can balle raunin ya warke da wuri. Tun da ƙafar ta daina faɗa, dole ido ya karɓi aikin, kuma idon dattijo da bayansa ba za su bar shi ya ga tafin ƙafarsa ba. Wani daga cikinku ya duba masa kullum a wuri mai haske, sama da ƙasa, da dunduniya, da tsakanin yatsu, ana neman tsagewa, ko bororo, ko kumburi, ko wurin da ya sauya launi ko ya fi sauran ɗumi. Lokacin alwala ya dace da wannan, kuma bayan kowace alwala a tsane tsakanin yatsun da tsumma mai tsabta, domin damshin da ke zama a nan shi ke sa fata ta ruɓe ta tsage. Da hunturu a shafa man shafawa a tafi da dunduniya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu.

Kada ya yi tafiya babu takalmi ko da a tsakar gida ne, musamman da rana tsaka lokacin da siminti da yashi suka ɗauki zafi, haka ma a harabar masallaci ranar Juma'a, inda safa mai kauri take taimakawa. Kafin ya sa takalmin da ya bari a ƙofar masallaci ya zazzage shi ya shafa cikinsa da hannu. Silifa mai igiya tsakanin yatsu tana gurje fata, takalmi mai faɗi da laushi wanda ya rufe yatsu ya fi. Kaskon garwashi da ake kai wa tsofaffi ɗaki da sanyi ya ƙona ƙafafu da yawa masu su suna barci, haka ma gashi da ruwan zafi, don haka ruwan wankansa wani ne zai taɓa da gwiwar hannu kafin ya shiga. Farce a yanke shi a miƙe da abin yankan farce, kada a bi kusurwa da reza, kada kuma a bari mai yankan farce na yawo ko wanzami ya fere masa kanta ko ya yi masa tsaga ko ƙaho a ƙafa. Idan aka ga rauni, komai ƙanƙantarsa, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce da ɗan gishiri, a rufe da bandeji mai tsabta, ya daina taka wurin, a kai shi asibiti cikin kwana ɗaya. Kada a barbaɗa garin kafso, ko toka, ko wani ƙulli. Idan wurin ya yi baƙi, ko yana wari, ko kumburin yana hawa sama, ko zazzaɓi ya biyo baya, ba a jiran gari ya waye. Mutane da yawa suna ɓoye rauni saboda tsoron kada a yanke ƙafa, alhali ɓoyewar ce take kai wa ga yankewar, domin galibin ƙafafun da aka yanke da ɗan gyambon da za a iya warkarwa suka fara.

Ranar da Baba ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, ko mura mai tsanani, ko amai da gudawa, kuskuren da aka fi yi shi ne a ce tun da ba ya cin abinci a dakatar da insulin. Rashin lafiya tana tura sukari sama ko da ciki babu komai, don haka ba a tsayar da insulin gaba ɗaya, sai dai a kira asibiti a ji ko za a rage. A gwada kowace sa'a huɗu, a yi ta ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, idan ba ya iya cin abinci a ba shi kunu ko koko. Metfomin kuwa akan dakatar da ita idan amai da gudawa suka yi yawa har jiki ya fara bushewa, saboda ƙoda, kuma yana da kyau ku nemi likita ya rubuta muku wannan tsari tun yanzu da Baba yake lafiya, har da abin da za a yi da maganin hawan jinin. A tafi asibiti nan take idan sukari ya tsaya sama da 300 mg/dL ko na'ura ta rubuta HI, ko amai ya ƙi tsayawa, ko yana numfashi mai zurfi da sauri, ko ƙishirwa da fitsari sun yi yawa yana ta gyangyaɗi. Tarin da ya wuce mako biyu a gwada shi, domin masu ciwon sukari sun fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka.

Batun abinci ya fi yadda ake zato sauƙi. Babu hatsin da aka haramta wa Baba, kuma babu wanda yake magani. Alkama, da acca, da dawa, da gero, da masara, da shinkafa duk suna komawa sukari a jini, bambancinsu shi ne wanda aka bar masa dusarsa ya fi wanda aka surfe tas jinkirin shiga. Wanda ya cinye malmala uku ta tuwon alkama bai tsira da komai ba. Abin lura shi ne yawa da lokaci. A zuba masa daga tukunyar gida, tuwo kamar girman dunƙulen hannunsa, miya mai yawan ganye irin kuka, kuɓewa, zogale, alayyahu ko rama, da ɗan nama ko kifi ko ƙwai, a rage mai da gishiri da dunƙule saboda hawan jinin. Wake a kowace siga abokin tafiya ne, haka kwaɗon zogale da gyaɗa. Ya ci sau uku a lokutan da ba sa sauyawa, domin allurar da aka yi da safe tana nan tana aiki da azahar ko ya ci ko bai ci ba. Inda sukari yake shiga da yawa ba a lissafa shi ba shi ne abin sha: shayi mai sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, lemon kwalba da na kwali da 'yan dubiya ke kawowa, zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya, fura da aka zuba wa sukari. Zuma da dabino suna da falalarsu, amma a jini sukari ne, a lissafa su a haka. 'Ya'yan itace ya ci su haka nan maimakon a matse, gwaiba ko lemo ɗaya ko yankan gwanda, a yi hattara lokacin mangwaro da rake.

A nan zan faɗi ra'ayina, ko da wasu a gidan ba za su so ba. Ware wa maigida tukunya ta daban marar daɗi, da tsare shi da ido duk loma, da yi masa faɗa a gaban jikoki, ba ya ɗorewa. Mutumin da ya ciyar da gida shekara arba'in ba zai jure a mayar da shi yaro ba, zai fita ya ci abin da yake so wurin mai shayi, ya dawo ya ce bai ci komai ba, littafinku ya koma ƙarya. Gara gidan duka ya rage sukari da mai, a ba shi bayani a bar shi ya zaɓa, idan ya ci wani abu a wurin biki ya faɗa a rubuta ba tare da tsangwama ba. Idan kuka ga ya daina fita, ya daina hira, barci ya ƙaurace masa, ku gaya wa likita, domin damuwa tana yawan rakiyar wannan ciwo. Ciwon yana kuma taɓa ƙarfin namiji, abin da ba zai taɓa faɗa a gabanki ba, don haka ranar asibiti ki riƙa ba shi wuri su kaɗaita da likita na ɗan lokaci. Tafiyar ƙafa ta kimanin rabin sa'a a yawancin ranakun mako tana da amfani, kuma zuwa masallaci da dawowa yana cikin lissafi.

Jiƙon da ake kawowa, na maɗaci ne ko na shuwaka ko wanda ake tallarsa da lasifika, ba ya raba mutum da ciwon sukari, kuma ɗacin abu ba ya nufin yana kashe zaƙin jini. Haɗarinsa biyu ne: wasu suna sauke sukari a kan wanda insulin ya riga ya sauke, wasu kuma suna wahalar da ƙoda da hanta, ga shi ba wanda ya san ma'auninsu. Mafi muni shi ne a ajiye allura saboda an sami mai magani. Haka kuma haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a kemis sau da yawa yana ɗauke da irin maganin nan da ke kumbura fuska, wanda yake harba sukari sama, da masu kashe zafi da ke cutar da ƙoda. Duk abin da zai sha, a nuna wa likita ko mai haɗa magani na asibiti tukuna.

Azumi yana zuwa kowace shekara, kuma dattijai ba sa son a ce su sha. Dattijon da ake yi wa insulin sau biyu, wanda bai daɗe da barin gadon asibiti ba, yana cikin waɗanda likitoci suke ba shawarar kada su yi, kuma aya ta 184 da ta 185 na Suratul Baƙara sun yi wa marar lafiya rangwame. Ku haɗa shi da malamin da yake girmamawa domin ya ji hukuncin ramuwa ko ciyarwa daga bakinsa, zai fi karɓa a kan ya ji daga 'ya'yansa. Idan daga baya jikinsa ya daidaita yana son yi, a ga likita mako shida zuwa takwas kafin watan ya kama domin a sauya tsarin allura. Ƙa'idar da Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta fitar tare da ƙwararru kan azumin Ramadan ita ce a karya nan take idan sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko alamun faɗuwa suka bayyana, ko da saura kaɗan a kira magariba. Soka yatsa domin gwaji ba ya karya azumi. Wannan ya shafi azumin Litinin da Alhamis ma, wanda tsofaffi kan ɗauka ba su gaya wa kowa ba.

Ranar asibiti ba a fasa ta don yana jin daɗin jikinsa. A tafi da littafin da dukan magunguna a leda. A nemi gwajin HbA1c, wanda yake nuna matsakaicin sukari na kimanin wata uku, sau biyu a shekara ko fiye, da awon hawan jini kowane zuwa, da duba bayan ido da gwajin ƙoda na jini da na fitsari sau ɗaya a shekara, domin ido da ƙoda ba sa ciwo sai ɓarnar ta yi nisa. Ya cire takalmi da safa a gaban likita ko ba a ce ya cire ba. Kuɗin magani nauyi ne na kowane wata, ya fi kyau 'ya'ya su yanka wa kansu abin da kowa zai riƙa bayarwa a sayi na gaba tun saura mako guda, maimakon a jira ya ƙare a fara kiran waya, kuma ku bincika hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiharku, irin KSCHMA a Kano, ku ji ko akwai tsarin da zai shiga. Idan kuɗi ya gaza, a gaya wa likita gaskiya domin ya nemi mai sauƙi, kada a riƙa rage yunit a ɓoye don kwalba ta daɗe.

Ku ma 'ya'yansa abin ya shafe ku, domin irin ciwon sukarin da ke kama manya yana bin jini. Ƙididdigar Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Sukari ta Duniya ta 2021 ta nuna manya miliyan 24 ne ke da ciwon a yankinta na Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. Duk wanda ya haura shekara 35 a cikinku, ko yake da ƙiba ko hawan jini, da duk macen da sukarinta ya taɓa hawa lokacin goyon ciki ko ta haifi jariri mai nauyin kilo 4 ko fiye, ya je asibiti da safe kafin ya karya a gwada shi. Idan sakamakon ya kai 126 mg/dL a maimaita wata rana domin a tabbatar, idan kuma ya faɗa tsakanin 100 da 125 a nemi shawarar likita a sake gwadawa bayan shekara guda.